Louis Pasteur

Louis Pasteur (an haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, ya mutu ranar 28 ga Satumba, 1895) masanin kimiyyar sinadarai ne kuma masanin ƙananan halittu ɗan ƙasar Faransa. An fi saninsa da gano hanyar ɗumama abin sha domin kada ya lalace, da kuma haɗa allurar rigakafin cutar haukan kare. Yana daga cikin waɗanda suka tabbatar da cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke sa abinci ya yi tsami ko ya ruɓe, kuma su ne sanadin cututtuka da dama. Kaso mai yawa na bincikensa ya samo asali ne daga giyar inabi, wadda ita ce babbar sana'ar yankin da ya tashi. Ɗaya daga cikin tambayoyin da ya bincika ita ce abin da ke ba giyar ɗanɗanonta da abin da ke ɓata shi, kuma amsar da ya samu ta yi tasiri a kan madara, aikin tiyata da rigakafi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Pasteur a garin Dole da ke yankin Jura a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. Mahaifinsa, Jean-Joseph Pasteur, majemi ne, kuma tsohon soja ne a rundunar Napoleon na ɗaya. Sunan mahaifiyarsa Jeanne-Étiennette Roqui. Tun yana ƙarami iyalin suka koma garin Arbois, inda mahaifin ya kafa majemarsa a bakin kogin Cuisance. Arbois gari ne da gonakin inabi suka kewaye, saboda haka ya tashi yana ganin yadda ake girbe inabi, a matse shi, a zuba ruwan cikin gangunan katako.

A makarantar farko bai yi fice ba, sai dai a zane. Har yau akwai hotunan iyayensa da na maƙwabta da ya zana yana matashi. A shekarar 1838 an tura shi karatu Faris, amma kewar gida ta sa ya dawo bayan 'yan makonni. Daga nan ya yi karatu a Besançon, ya sami shaidar kammala sakandare a fannin adabi a 1840, sannan a fannin kimiyya a 1842. A 1843 ya shiga École Normale Supérieure a Faris. A can ya halarci laccocin Jean-Baptiste Dumas, ya yi aiki a ɗakin gwajin Antoine Balard, kuma ya sami digirin digirgir a 1847.

Bincike a kan asid na gangar inabi

Aikin da ya fara fito da sunansa ya shafi wani abu da ke daskarewa a jikin gangar giyar inabi, wanda daga gare shi ake samun asid ɗin tartarik. Wannan asid shi ne kuma ke ba tsamiya yawancin tsaminta. A lokacin masana sun san wani asid na biyu mai suna rasemik, wanda sinadaransa daidai suke da na tartarik, amma idan aka haska wani irin haske ta cikin ruwansu, na farko yana karkatar da hasken, na biyu kuwa ba ya yi. Kalmar rasemik ta fito ne daga kalmar Latin da ke nufin nonon inabi.

A 1848 Pasteur ya duba ƙwayoyin gishirin asid na biyun da madubin ƙara girma, sai ya ga iri biyu ne a gauraye. Siffar kowane iri ita ce kishiyar ta ɗayan, kamar hannun dama da na hagu. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, ya narkar da kowane kashi daban. Kashi ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗayan hagu. Dattijon masani Jean-Baptiste Biot ya sa aka maimaita gwajin a gabansa kafin ya amince. Wannan binciken ya zama tushen wani reshe na kimiyyar sinadarai da masu haɗa magunguna ke dogaro da shi har yanzu. Ya kuma sa Pasteur ya fara zargin cewa duk inda aka sami sinadari mai karkata gefe ɗaya, to akwai hannun abu mai rai a ciki.

Aure da iyali

A 1849 aka naɗa shi malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Strasbourg. A ranar 29 ga Mayu na shekarar ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar. Marie ta riƙa rubuta masa bayanan bincikensa, ta kuma taya shi aiki tsawon rayuwarsa. Sun haifi 'ya'ya biyar, amma biyu ne kawai suka girma, wato Jean-Baptiste da Marie-Louise. Jeanne ta mutu a 1859 tana da shekara tara, Camille a 1865 tana da shekara biyu, Cécile kuma a 1866 tana da shekara goma sha biyu. Zazzaɓin taifod ne ya kashe Jeanne da Cécile. Masu tarihinsa da yawa suna ganin waɗannan rashe-rashen na daga cikin abin da ya karkata hankalinsa zuwa ga cututtuka.

Tsimuwa

A 1854 ya zama shugaban sabuwar tsangayar kimiyya a Lille, birnin masana'antu a arewacin Faransa. A 1856 wani mai masana'anta da ake kira Bigo, wanda ke yin barasa daga wani tushen shuka mai zaƙi, ya kawo masa kukan cewa wasu randunansa suna yin tsami maimakon su ba da barasa. Da Pasteur ya duba, sai ya ga randuna masu kyau cike suke da ƙwayoyin yis masu siffar ƙwai, waɗanda suka lalace kuwa suna ɗauke da wasu halittu ƙanana masu kama da guntayen tsinke.

A wancan zamani manyan masana irin su Justus von Liebig na Jamus suna ganin tsimuwa rugujewar sinadarai ce kurum. Tun a shekarun 1830 Cagniard de la Tour da Theodor Schwann sun nuna cewa yis abu ne mai rai, amma ba a saurare su sosai ba. A 1857 Pasteur ya fitar da takarda a kan tsimuwar da ke sa madara tsami, a 1860 kuma ya fitar da wata a kan tsimuwar barasa. Ya nuna cewa kowace irin tsimuwa tana da halittar da ke yin ta. Yis yana cin sukari ya mayar da shi barasa da iskar da ke sa ƙullu ya kumbura, tare da wasu sinadarai kaɗan kamar gilisarin, waɗanda ke shafar ɗanɗano. Wasu bakteriya kuma suna mayar da sukari asid, irin abin da ke faruwa idan madara ta zama nono.

Daga ina halittun ke zuwa

A 1857 ya koma École Normale a matsayin mai kula da karatun kimiyya. A nan ya shiga muhawara da Félix Pouchet, wanda ke cewa ƙananan halittu suna iya tsirowa da kansu daga romo ko ruɓaɓɓen abu. Pasteur ya tafasa romo a cikin kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasshe, ta yadda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a lanƙwasar. Romon bai lalace ba. Da aka karya wuyan kwalbar, cikin 'yan kwanaki ya gurɓace. A 1860 ya ɗauki kwalabe zuwa wurare daban-daban, har da saman tsaunukan Alps, inda cikin kwalabe 20 da ya buɗe guda ɗaya ce kawai ta lalace, saboda ƙarancin ƙura a iskar wurin. A 1862 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta a kan wannan aiki, kuma a shekarar ya zama mamba a cikinta.

Cututtukan giyar inabi

A 1860 Faransa da Birtaniya suka ƙulla yarjejeniyar ciniki wadda ta rage harajin shigar da giyar inabi Ingila. Sai dai kaya da yawa suna lalacewa a hanya ko a rumbu, abin da ya jawo asara ga manoma da 'yan kasuwa, ya kuma zubar da darajar hajar Faransa. A 1863 Sarki Napoleon na uku ya nemi Pasteur ya binciki matsalar. Ya koma Arbois tare da wasu ɗalibansa, suka mayar da wani tsohon ɗakin shan gahawa wurin gwaji, suka riƙa karɓar samfur daga rumbunan mutanen gari.

Masu sana'ar sun daɗe da sanin ire-iren lalacewar, har suna da sunan kowanne. Akwai wadda ke mayar da giyar ruwan khal, akwai wadda ke sa ta gurɓace ta yi lami, akwai mai sa ɗaci da ke addabar jar giyar Burgundy idan ta daɗe, akwai kuma mai sa ta yi yauƙi tana zuba kamar mai, wadda ta fi kama farar giya. Pasteur ya nuna cewa kowace lalacewa tana tafiya da irin halittarta, har ana iya gane ta a madubi kafin harshe ya ji canji.

Maganin da ya gabatar shi ne a ɗumama giyar zuwa tsakanin digiri 50 da 60 na ma'aunin Selshiyos na ɗan lokaci, ba tare da iska ta shiga ba. Wannan zafi ya isa ya kashe halittun, amma bai kai ya dafa abin shan ba. Ya yi rajistar hanyar a 1865, ya kuma wallafa littafinsa Études sur le vin a 1866. Babban abin da 'yan kasuwa ke tsoro shi ne kada zafi ya ɓata ɗanɗano. Saboda haka aka haɗa kwamitin gwanayen ɗanɗano na Faris, aka ba su wadda aka ɗumama da wadda ba a ɗumama ba, ba tare da sun san wacce ce wacce ba, kuma sakamakon ya goyi bayan Pasteur. Rundunar ruwan Faransa ma ta gwada hanyar a doguwar tafiyar jirgi. A 1867 ya sami babbar kyauta a baje kolin duniya na Faris.

Ba shi ne ya fara ɗumama abinci don adanawa ba. Nicolas Appert ya riga shi da shekaru masu yawa, kuma Alfred de Vergnette de Lamotte, wani mai gonar inabi a Burgundy, ya yi jayayya da shi a kan wanda ya fara. Gudummawar Pasteur ita ce bayyana dalilin da ya sa hanyar ke aiki da kuma ƙayyade zafin da ya dace. Daga sunansa aka ƙirƙiri kalmar pasteurisation a Faransanci, wadda ta shiga harsuna da yawa.

Ɗanɗano da farar giyar yankin Jura

Binciken Pasteur ya bayyana abubuwa da dama game da ɗanɗanon farar giyar inabi. Ana yin ta ne da ruwan inabi da aka matse aka raba da ɓawonsa kafin ya tsimu. Idan Faransawa suka kira ta sec, wato busasshiya, suna nufin yis ya cinye kusan dukkan sukarin, babu sauran zaƙi. A ƙa'idar Tarayyar Turai ta yanzu, yawanci sukarin da ya rage ba ya wuce giram 4 a lita ɗaya. Abin da harshe ke ji a madadin zaƙi shi ne tsamin asid ɗin tartarik da na malik, wanda ake samu a tuffa. Wannan tsami ne ya sa Faransawa ke haɗa irin wannan giya da kifi, da kayan teku, da cukun akuya, da abinci mai maiƙo, domin yana yanke maiƙo kamar yadda lemun tsami ke yi a kan gasasshen kifi.

Pasteur ya kuma nuna rawar iskar oksijin. Ya rufe giya a cikin bututun gilashi, wasu cike taf, wasu da sauran iska a sama. Wadda ba ta haɗu da iska ba ta zauna kamar sabuwa, wadda ta haɗu da ita kuwa ta sauya launi da ɗanɗano kamar tsohuwa. Ya kammala da cewa iska kaɗan da ke ratsa katakon ganga a hankali ita ce ke nunar da giya, iska mai yawa kuma ita ce ke ba bakteriyar khal dama.

Yankin Jura yana da misali na musamman, wato vin jaune, ma'ana rawayar giya. Busasshiyar farar giya ce da ake yi da inabin Savagnin. Ana barinta shekara shida da wata uku kafin a sa a kwalba, mafi yawan lokacin a gangar da ba a cika ba, inda wata yanar yis ke rufe samanta ta kare ta daga zama khal. Pasteur ya yi nazarin irin wannan yana, ya bambanta ta da yanar da ke kawo tsami. Giyar tana da ƙanshin 'ya'yan itace masu ɓawo da na kayan yaji, kuma masana na baya sun gano cewa wani sinadari mai suna sotolon ne ke kawo shi, wanda shi ne ke ba hulba ƙanshinta. Ana sayar da ita a kwalba mai ɗaukar santilita 62. A al'adar yankin ana shanta da cukun Comté, ana kuma dafa kaza da ita tare da kirim da wani nau'in naman kaza. A 1936 Arbois ya shiga sahun yankunan farko da dokar Faransa ta kare sunan giyarsu.

Pasteur ya mallaki 'yar gonar inabi kusa da Arbois. A 1878 ya gina ɗakunan gilashi a kan wasu kurangu, ya naɗe nonnan inabin da auduga tun ba su nuna ba. Ruwan da aka matse daga waɗannan bai tsimu ba, na sauran gonar kuwa ya tsimu. Wannan ya nuna cewa yis daga waje yake sauka a kan ɓawo. Daga baya masana sun gano cewa ba duk bakteriya ce ke ɓata giya ba, domin wasu suna mayar da asid ɗin malik mai kaifi zuwa mai laushi irin na madara. Haka kuma masu yin giya mai tsada ba su riƙe ɗumamawa ba, sun fi dogaro da tsabta, tacewa da sinadarin farar wuta. Inda hanyar ta fi amfani shi ne madara. Bajamushe Franz von Soxhlet ne ya ba da shawarar ɗumama madarar jarirai a 1886. A yau ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30.

Tsutsar alharini da rigakafi

A 1865 gwamnati ta tura shi Alès a kudancin Faransa, inda cuta ke kashe tsutsar alharini. Ya shafe kimanin shekara biyar a kan aikin, ya koya wa masu kiwon yadda za su duba malam-buɗe-littafin da madubi, su zubar da ƙwan waɗanda suka kamu. A watan Oktoba na 1868, yana da shekara 45, ya gamu da shanyewar ɓarin jikinsa na hagu, kuma bai warke sarai ba har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka ya wallafa littafi a kan ruwan khal a 1868 da wani a kan giyar sha'ir a 1876. A Birtaniya, likitan tiyata Joseph Lister ya karanta aikinsa a kan tsimuwa, ya fara tsabtace rauni da kayan aiki da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

Wajen 1879 zuwa 1880, shi da mataimakansa Émile Roux da Charles Chamberland suka gano cewa ƙwayar kwalarar kaji da ta raunana tana ba kaza kariya. A watan Mayu na 1881 suka yi gwaji a bainar jama'a a Pouilly-le-Fort a kan cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa. An yi wa rabin tumaki kimanin 50 rigakafi, sannan aka sa wa dukkansu cutar. Waɗanda ba a yi wa ba suka mutu, waɗanda aka yi wa kuwa kusan duka suka tsira.

A ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara daga Alsace, wanda mahaukacin kare ya cije. Da yake Pasteur ba likita ba ne, Dakta Jacques-Joseph Grancher ne ya yi allurar, guda 13 cikin kwana goma sha ɗaya, daga lakar zomayen da aka busar. Yaron bai kamu ba. Labarin ya bazu, mutane suka riƙa zuwa Faris daga ƙasashe har da Rasha da Amurka. Da gudummawar jama'a aka kafa Cibiyar Pasteur a 1887, aka buɗe ta ranar 14 ga Nuwamba, 1888.

Suka

Pasteur mutum ne mai zafin muhawara, kuma ya yi doguwar gaba da masanin Jamus Robert Koch, musamman bayan yaƙin Faransa da Prussia na 1870. Ya umarci iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan gwajinsa, sai a 1964 jikansa ya miƙa su ga ɗakin karatu na ƙasa. Masanin tarihi Gerald Geison ya nazarce su, ya wallafa littafi a 1995 inda ya nuna cewa rigakafin da aka yi amfani da shi a Pouilly-le-Fort an raunana shi ne da sinadari, hanyar da ta yi kusa da ta likitan dabbobi Jean-Joseph Toussaint, ba hanyar da Pasteur ya bari jama'a suka ɗauka ba. Ya kuma nuna cewa gwajin da aka yi a kan karnuka kafin a yi wa Meister allura bai kai yadda aka bayyana ba. Wasu masana sun kare shi da cewa cutar haukan kare kusan ba ta barin wanda alamunta suka bayyana a jikinsa, don haka jira ma haɗari ne.

Mutuwa

An zaɓe shi mamban Académie française a 1881. A ranar 27 ga Disamba, 1892, aka yi bikin cikarsa shekara 70 a Sorbonne, inda Lister ya halarta. Ya mutu ranar 28 ga Satumba, 1895, a Marnes-la-Coquette kusa da Faris, yana da shekara 72. Gwamnati ta yi masa jana'iza a majami'ar Notre-Dame, daga baya aka mayar da gawarsa wani ɗaki a ƙarƙashin Cibiyar Pasteur. Gidansa na Arbois yanzu gidan tarihi ne.

Tasirinsa a Afirka ta Yamma

A ƙasar Hausa, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne da ba sa shan giya, an fi cin karo da aikin Pasteur ta wajen madara da rigakafi. Madarar kwali da yogot ɗin kamfani da ake sayarwa a kantunan Kano an ɗumama madararsu ne bisa wannan ƙa'ida. Masu yin kindirmo sun daɗe suna tafasa madara, su bari ta huce, sannan su zuba ɗan tsohon nono a ciki. Bayanin Pasteur ya nuna hikimar hakan: zafi yana kashe halittun da ba a so, tsohon nonon kuma yana shigo da waɗanda ake so. Madarar da ba a tafasa ba tana iya yaɗa tarin fuka na shanu da wasu cututtuka.

Cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda asalinta ɗakin gwaji ne da Émile Marchoux ya kafa a Saint-Louis a 1896, tana haɗa rigakafin cutar shawara. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana cikin ƙungiyar cibiyoyin Pasteur na duniya. A Najeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ta faro a 1924, tana haɗa rigakafin ciwon saifa, kwalarar kaji da haukan kare. Tun daga 2007 ake gudanar da Ranar Yaƙi da Cutar Haukan Kare ta Duniya a kowace 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya mutu.